Garmin, TomTom ko Wayar Hannu: Wace Na'urar Nuna Hanya Ta Dace da Doguwar Tafiyar Iyali?

Magidancin da yake ɗaukar iyalinsa a mota daga Abuja zuwa Kano lokacin Sallah, ko daga Kano zuwa Maiduguri don biki ko gaisuwar rasuwa, ko kuma yake tsallaka iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram don sada zumunci, ba dole ba ne ya san kowace mararraba da ke kan hanya, musamman idan ya bar babban titi ya nufi wani ƙauye da bai taɓa zuwa ba. Irin wannan direba yana da zaɓi da dama a yau: na'urar nuna hanya ta kamfanin Garmin, ko ta TomTom, ko ƙananan na'urori masu araha da ba a san kamfaninsu ba, ko allon da yake haska abin da ke cikin waya, ko kuma wayar hannun da ke aljihunsa. Masu sayarwa sun fi yi wa mutum bayanin girman allo da kyawun launi da yawan abubuwan da na'urar take iya yi, amma abin da yake raba mai amfani da mara amfani a ƙasarmu shi ne taswirar da ke cikinta, kuma a kan wannan ne ya kamata a auna kowace ɗaya.

Kafin a shiga kwatanci, akwai wani ruɗani da yake yawan faruwa a kasuwa. Idan mutum ya ce yana neman GPS na mota, sau da yawa abin da za a miƙo masa shi ne na'urar bin sawu, wadda ake ɓoyewa a jikin mota, a sa mata layin waya, domin mai motar ya san inda take idan an sace ta. Wannan ba ta nuna wa direba hanya. Wadda ake magana a kanta a nan ita ce mai allo, wadda ake maƙalawa a gilashin gaba, tana nuna titi tana kuma faɗin inda za a yi kwana. Tana aiki ne da saƙon da take samu daga taurarin ɗan'adam na tsarin GPS, mallakar gwamnatin Amurka, waɗanda suke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa. Da zarar ta kama saƙo daga huɗu daga cikinsu, za ta lissafa inda take. Saurare kawai take yi, ba ta aika komai, saboda haka ba ta buƙatar layi ko data, kuma ba a biyan kowa kuɗin wata. Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou, kuma wayoyin zamani da yawa suna sauraron fiye da ɗaya a lokaci guda.

Wannan rashin dogaro da sabis ba ƙaramin abu ba ne ga mai tafiya a Arewa. Ban da wuraren da sabis yake ɗaukewa da kansa a tsakanin garuruwa, an taɓa rufe layukan waya da gangan saboda tsaro: a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, sannan a Zamfara a watan Satumban 2021, kafin matakin ya shafi wasu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin wannan yanayi, duk na'urar da taswirarta take zaune a cikinta za ta ci gaba da nuna hanya, wadda kuwa take ɗebo taswira daga intanet za ta bar direba da ɗigo ɗaya a kan farin allo.

Sai dai taurarin ɗan'adam ba sa aiko da taswira. Abin da suke bayarwa shi ne lambobin da ke nuna wurin da motar take a doron ƙasa, sauran aikin duk na taswirar da aka zuba a na'urar ne, kuma a nan ne masu saye da yawa suke asarar kuɗinsu. Kamfanonin Garmin da TomTom suna sayar da yawancin na'urorinsu ne bisa yanki: wadda aka yi don kasuwar Amurka tana ɗauke da taswirar Arewacin Amurka, wadda aka yi don Turai tana ɗauke da ta Turai. Da yake mafi yawan waɗanda suke shigowa ƙasar nan na hannu ne, wasu ma a cikin motocin tokumbo ake tsintar su, mutum yana iya sayen na'ura lafiyayya, ta kama, ta nuna gudun mota daidai, amma idan ya rubuta Zariya ta ce ba ta san wurin ba. Abin da zai gani shi ne alamar mota tana tafiya a fili, sai kuma wasu manyan tituna ƙalilan na taswirar duniya ta sama-sama da ake sa wa kowace na'ura. Alkawarin nan da ake bugawa a jikin kwali na sabunta taswira kyauta muddin na'urar tana aiki, shi ma bai wuce taswirar yankin da aka saye ta dominsa ba.

Garmin kamfanin Amurka ne da aka kafa a 1989, kuma shi ne ya fi yawan samfura a wannan fanni. Mai sauƙin cikinsu ita ce Drive 53 mai allon inci 5, wadda ba ta da wani aiki sai nuna hanya da gargaɗin direba. Sama da ita akwai jerin DriveSmart: 66 mai inci 6, da 76 mai kusan inci 7, da 86 mai inci 8. Waɗannan suna iya sabunta kansu ta Wi-Fi ba tare da an haɗa su da kwamfuta ba, suna haɗuwa da waya ta Bluetooth domin direba ya amsa kira ba tare da ya saki sitiyari ba, ana kuma iya haɗa su da kyamarar baya mara waya, wadda take da amfani ga mai doguwar mota da yara suke wasa a bayanta. Farashin babbar ya haura ninki biyu na ƙaramar. Sai dai wani kaso na abin da ake biyan kuɗin dominsa ba ya aiki a nan, domin jerin wuraren shaƙatawa da na tarihi da aka zuba musu na Amurka ne ko na Turai, haka nan labarin cunkoson ababen hawa da wasu samfura suke karɓa ta tashoshin rediyo tsari ne na can.

Abin da ya sa Garmin ta cancanci a dube ta duk da haka shi ne ramin katin memori da ke jikinta. Na'urorin kamfanin suna karɓar ƙarin taswira a kan kati, ko dai wadda kamfanin da kansa yake sayarwa ta sassan Afirka, ko kuma wadda aka haɗa daga OpenStreetMap, wato taswirar da masu aikin sa-kai a faɗin duniya suke zanawa tun 2004, wadda ake samu kyauta. Wanda ya ɗan iya kwamfuta zai sauke fayil ɗin Nijeriya da na Nijar, ya kwafa a kati, ya zura, ya shiga wurin zaɓen taswira ya kunna shi. Da wannan na'urar za ta kai mutum daga Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar da ta haura kilomita 500, tana faɗin sauran nisa da lokacin isa, ko da babu sabis ko ɗigo. Akwai abin da ake rasawa a wannan hanya, kuma gara a san shi tun farko: hoton mararraba da na layin da ya kamata a bi, wanda ake gani a tallace-tallace, galibi ba ya fitowa da taswirar kyauta, iyakar gudun kowane titi ba lallai ta bayyana ba, neman adireshi kuma ba ya tafiya sumul. Sabuntawa ma sai mutum ya tuna da kansa ya sake sauke sabon fayil, abin da yake da muhimmanci a garuruwa irin Kano da Kaduna, inda aka rushe shataletale da dama aka gina gadojin sama a 'yan shekarun nan.

TomTom kamfanin ƙasar Holan ne, mai hedikwata a Amsterdam, kuma shi yake zana taswirarsa da kansa tun da ya sayi Tele Atlas a 2008. Na'urorinsa suna da sauƙin sarrafawa, kuma wasu samfuran, kamar GO Discover, ana sayar da su ne da taswirar duniya, wadda ake sauke ƙasar da ake so ta Wi-Fi ba tare da ƙarin kuɗi ba. Wannan ya ɗauke wa mutum wahalar fayil da kati. Amma ƙofarsa a rufe take: ba ya karɓar taswirar kowa sai tasa, don haka idan bai zana hanyar ƙauyen su uwargida ba, babu wata dabara da ta rage. Ƙananan samfuran da aka yi don Turai kaɗai kuwa ba su da wani amfani a nan. A ganina, TomTom ta fi dacewa da iyalin da suke zaune a Turai, ko masu yawan zuwa can su ɗauki hayar mota, fiye da mai zirga-zirga tsakanin Gusau da Funtuwa.

Na'urorin nan masu araha da ba su da sanannen suna, masu allon inci 7, ba sa buƙatar dogon bayani. Da yawansu suna aiki ne da tsohon tsarin Windows CE, allonsu sai an danna da ƙarfi, rana tana dusashe shi, taswirar da ke ciki kuma ba a san shekarar da aka yi ta ba, balle a san inda za a sabunta ta. Araha ba ta ado. Shi kuwa allon nan da ake ɗorawa a gaban mota a haɗa shi da waya ta CarPlay ko Android Auto, yawancinsa ba shi da taswirar kansa ko kaɗan. Yana faɗaɗa abin da wayar take nunawa ne kawai, saboda haka duk ƙarfinsa da rauninsa na wayar ne.

Wayar hannu ita ce babbar abokiyar hamayyar duk waɗannan, kuma ta fuskar taswira ta fi su. Google Maps ya san gidajen mai da asibitoci da masallatai da wuraren cin abinci da otal-otal a garuruwanmu fiye da kowace na'ura ta musamman, domin mutanen da suke zaune a wuraren su ne suke ƙara su a kullum, kuma idan akwai data yana nuna inda cunkoso yake, ya ba da wata hanyar. Tun 2019 kamfanin ya sa masa murya mai karin Turancin Nijeriya. Ga iyali mai ƙananan yara wannan ba abin rainawa ba ne, domin tambayar da ake yi a cikin mota ba ta wuce ina ne gidan mai na gaba mai banɗaki, ina za a tsaya a yi Azahar, ina ne asibiti mafi kusa idan zazzaɓi ya taso wa yaro. Ana iya sauke taswirar yanki a ajiye a waya kafin a bar gida, ta yadda zai ci gaba da nuna hanyar mota ba tare da intanet ba, sai dai ba zai nuna cunkoso ba, kuma yankin da ake saukewa yana da iyaka, don haka doguwar tafiya tana buƙatar a sauke yanki biyu ko uku da suka haɗu da juna. Manhajojin OsmAnd da Organic Maps suna amfani da OpenStreetMap, wato ainihin taswirar da za a wahala a sa wa Garmin, suna kuma aiki gaba ɗaya ba tare da data ba bayan an sauke. Waze kuwa, wata manhajar nuna hanya ta waya, duk da kyawunsa a cikin manyan birane, ya dogara da intanet ƙwarai, bai dace da dajin da babu sabis ba.

Raunin waya yana bayyana ne idan tafiya ta yi nisa. Na farko shi ne zafi. Kamfanin Apple ya ce an yi iPhone ne don ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 a ma'aunin Salshiyas ba, alhali a watan Afrilu zafin inuwa kansa yana haura 40 a Sakkwato da Maiduguri. Wayar da aka maƙala a bayan gilashi, rana tana dukanta, allonta a kunne, tana caji, tana kuma lissafin hanya, ba ta daɗewa take rage haskenta, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta tsaya cak har sai ta huce. Na'urorin Garmin na mota an ƙera su su jure har digiri 55, ko da yake su ma bai kamata a bar su a gilashi ba idan an ajiye mota a rana, domin batirinsu yana kumbura, robar maƙalawar kuma tana saki. Na biyu shi ne cewa wayar maigida tana da ayyuka da yawa. Daidai lokacin da ake tunkarar mararrabar da za a saki babban titi, sai kira ya shigo daga gida ana tambayar ina aka kawo, taswirar ta koma gefe, a wuce kwanar. Ga saƙonnin WhatsApp da suke faɗowa a saman allo suna jan ido, ga yaro a kujerar baya yana kukan a ba shi wayar ya yi kallo. Riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra suke cin tara a kansa. Sannan idan mota ta lalace a hanya, wayar da aka ƙarar da cajinta wajen nuna hanya ita ce dai wadda ake buƙata a kira bakanike ko lambar hukumar ta 122. Ita kuwa na'ura ta musamman, batirinta ba ya wuce kimanin awa ɗaya, don haka dole ramin kunna sigari na motar ya kasance yana kawo wuta, abin da ya kamata a gwada tun da yake a tsofaffin motoci sau da yawa fis ɗinsa ya ƙone.

Akwai matsalar da ta shafi dukkansu, wato neman wuri da suna. Idan aka rubuta Tudun Wada, akwai ƙaramar hukuma mai wannan suna a jihar Kano, akwai unguwa a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos, kuma na'urar za ta jero su ne kawai ta bar wa direba ya zaɓa. Sabon Gari ma haka. Dole a rubuta Sokoto maimakon Sakkwato, Zinder maimakon Damagaram, Birni N'Konni maimakon Ƙonni, Ɗambatta kuma wata taswirar da m take rubuta shi, wata da n. A nan waya ta fi haƙuri da kuskuren rubutu, Garmin da TomTom kuwa sun fi tsauri. Mafita mafi inganci ita ce a roƙi wanda za a je wurinsa ya tsaya a ƙofar gidansa ya turo inda yake ta WhatsApp. Waya za ta buɗe shi kai tsaye, mai Garmin kuma zai kwafi lambobi biyun da ke nuna wurin ya shigar da su da hannu tun a gida, ya adana da sunan mai gidan.

Game da girman allo, inci 5 ya wadatar a ƙaramar mota, inci 6 ko 7 ya fi daɗin kallo ga wanda idonsa ya fara rauni ko mai babbar mota irin Sienna inda gilashi yake nesa da direba, inci 8 kuwa yana iya tare wani sashe na hanya idan ba a sa shi ƙasa-ƙasa ba. Muryar Garmin da TomTom ana zaɓen ta ne daga harsuna irin Turanci da Faransanci da Larabci, kada a sa ran jin Hausa, kuma yadda suke furta sunayen garuruwanmu yakan ba yara dariya. Gargaɗin wuce ƙa'idar gudu yana da amfani a titin Abuja zuwa Kano, inda iyakar ƙananan motoci take kilomita 100 a awa, amma yana aiki ne kawai idan taswirar tana ɗauke da wannan bayani.

Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori da ta san halin tsaro, kuma wannan ya fi duk abin da aka ambata nauyi. Aikinsu shi ne zaɓen hanya mafi sauri ko mafi kusa, don haka suna iya jan mota ta Birnin Gwari, ko ta wani burji a tsakiyar daji saboda ya rage kilomita ashirin, ba su kuma san gadar da ruwa ya karya a daminar bana ba. Garmin tana ba da damar a hana ta bin hanyar da ba kwalta, a kuma ware wani titi ko wani yanki a ce kada ta kusance shi, ana kuma iya tsara tafiya ta hanyar jera garuruwan da ake so a bi ɗaya bayan ɗaya. Google Maps ma yana karɓar tashoshin tsayawa a jere. Amma wanda zai faɗi garuruwan da za a jera shi ne direban haya da ya biyo hanyar jiya, ko 'yan uwan da suke zaune a can, domin matambayi ba ya ɓata. Lokacin isa da na'urar take nunawa shi ma bai lissafa shingayen bincike da ramuka da tsayawar sallah da ta cin abinci ba, don haka mai son ya isa kafin Magariba sai ya ƙara a kan abin da ta faɗa, ya kuma yi sammako.

Ga iyalin da doguwar tafiyarsu ba ta wuce sau biyu ko uku a shekara ba, kuma a kan manyan tituna, ban ga dalilin sayen na'ura ta musamman ba. Abin da ya fi musu shi ne su ware wata tsohuwar wayar Android mai lafiyayyen batir, su cire mata komai, su zuba mata Google Maps da aka sauke da kuma Organic Maps ko OsmAnd, su saya mata mariƙi mai kama ramin iskar na'urar sanyaya mota domin sanyi ya riƙa bugun ta, da caja mai inganci. Wannan ya magance zafi da shigowar kira da kukan yara a lokaci guda, da kuɗin da bai kai na ƙaramar Garmin ba. Wanda kuwa yake kan hanya kusan kowane wata, yake shiga ƙauyuka da wuraren da sabis ba ya kaiwa, ko yake tsallakawa Nijar inda layinsa na Nijeriya zai daina aiki ko ya yi tsada, ko kuma motarsa ba ta da sanyi, shi ne Garmin za ta biya wa buƙata, kuma Drive 53 ko DriveSmart 66 ta ishe shi, muddin akwai wanda zai sa masa taswirar, tare da ajiye waya a gefe don neman gidan mai da asibiti.

Duk wanda zai saya, a Farm Centre ta Kano ne ko a wani shago a Abuja, ya fita da na'urar waje inda sama take a buɗe, ya jira ta kama taurari, domin wadda ta daɗe a kashe takan ɗauki 'yan mintuna. Sannan ya rubuta sunan garinsu, ba babban birnin jiha ba, ya ga ko za ta samo shi, ya sa ta zana hanya daga inda yake tsaye zuwa can, ya duba garuruwan da ta bi. Ya zare wayar caji ya ga ko za ta mutu nan take, ya duba bayanta ko ya kumbura, ya zura kati a ramin memori ya tabbatar tana karanta shi. Idan mai shago ya ce za a sa taswirar daga baya, a sa ta tukuna a gabansa kafin ya biya.